Yadda Ake Sayen Inji Da Kayan Inji Na Hannu Ba Tare Da An Sayo Jidali Ba

Tun ranar da injin Golf 3 ɗina ya buga a hanyar Maigatari, ranar Alhamis, mota cike da fasinja da buhuna, direbobi da masu tsofaffin motoci suke tare ni da tambaya iri ɗaya, wasu a tasha wasu a waya: idan inji ya mutu, ta ina ake farawa wajen sayen na hannu, kuma yaya ake gane mai rai daga gawa? Inji biyu na saya kafin motar ta koma hanya. Na farkon asara ne tsagwaronta, kuma da kuɗinsa na koyi abin da zan jero a nan.

Abu ɗaya ka riƙe tun yanzu. Golf 3 da Carina E tun ƙarshen shekarun 1990 aka daina ƙera su. Kusan duk injinsu da za a nuna maka, ko an kira shi tokumbo ko ɗan Baljiyam, ya haura shekara 25 a duniya. Tsoho za ka saya ka maye gurbin tsoho, aikinka shi ne ka zaɓo wanda bai sha wuya ba.

1. Fara gano abin da ya kashe na farko

Kafin ka nemi kuɗin mota zuwa Kano, sa bakanike ya buɗe injin a gabanka ya nuna maka abin da ya lalace da dalilinsa. Inji ba ya mutuwa haka kawai. Ko dai zafi ne ya cinye shi saboda lagireto ya toshe, ko fanka ta daina juyawa, ko famfon ruwa ya mutu. Ko baƙin mai ne ya ƙare ko famfonsa ya daina turawa. Ko bel ɗin taimin ya tsinke. Ko ƙura ce ta yi ta shiga saboda matatar iska ta yage.

Gargaɗi: lagireto, fanka, tiyo-tiyon ruwa da gidan matatar iska ba sa zuwa da injin da za ka saya. Naka na da ne za a mayar. Idan su suka kashe na farko, za su kashe na biyu, kuma mai kaya ba zai karɓi injin da ka dafa da kanka ba.

2. Yanke shawarar abin da za ka saya

Hanya uku ce. A gyara naka, a sa ringi da metal (ƙarafan da kuranshaf ke juyawa a kansu) da gaskit. Ko a sayi rabin inji, wato bulok (gangar jikin injin) da kuranshaf da fistin a haɗe, a ɗora tof silinda ɗinka (kan injin) a kai. Ko a sayi inji sukutum.

Idan hayaƙi ne kawai da shan mai, kuma bulok bai ci ba, gyara na iya isarka, sharaɗin akwai ƙwararren da zai auna ya ɗaure. Idan kwanrod (sandar da ke haɗa fistin da kuranshaf) ya fasa bulok, ko an riga an yanka kuranshaf sau biyu, bar batun gyara. Ni a ganina, ga mai motar haya a ƙauye, cikakken injin da ba a taɓa buɗewa ba ya fi rabin inji kwanciyar hankali, domin duk haɗin da za a yi a gindin bishiya cikin iska da yashi wata ƙofa ce ta matsala.

Akwai abubuwan da ba a sayensu na hannu ko da kyauta aka ba ka: gaskit ɗin tof, ringi, metal, sil-sil na mai, bel ɗin taimin da abin ɗame shi, famfon ruwa, tamostat (mai daidaita zafin inji), fulogi da filta. Waɗannan cinyewa suke yi, kuma ba a ganin ragowar kwanansu da ido. Waɗanda ake iya saya na hannu bayan dubawa su ne bulok, tof silinda, kuranshaf, kamshaf, manifol, kik, alteneta, kwayil, nozul da birenbos (kwamfutar da ke sarrafa injin). Sau da yawa ma tsohon na kamfani ya fi sabon jabu da ake zubawa a kwali mai ƙyalli.

3. Kwashi lambobi kafin ka bar gida

"Injin Golf nake so" ba magana ba ce a kasuwa. Golf 3 kaɗai tana da inji iri-iri: a masu 1.8 akwai AAM da ABS da ADZ, a masu 2.0 akwai 2E da ADY da AGG. Carina E tana zuwa da 4A-FE ko 7A-FE ko 3S-FE. Camry ta 1997 zuwa 2001 mai silinda huɗu yawanci 5S-FE ce, wadda ta biyo ta kuma 2AZ-FE. Fijo 406 ta farko tana da XU, ta baya EW, kuma ba a musanya su kai tsaye.

Goge jikin bulok da tsumma da ɗan fetur ka nemo lambar da aka buga a ƙarfe. Ɗauki hotonta. Ɗauki hoton lambar shasi mai harufa da lambobi 17, da takardar da ke manne a jikin birenbos, da kowane soket na waya da ke shiga injin. Rubuta ko motarka mai giyar hannu ce ko otomatik. Idan ƙaramin abu ne kamar kik ko kwayil ko tof, ɗauki tsohon ka tafi da shi a buhu, a ajiye su gefe da gefe.

Gargaɗi: inji mai suna ɗaya na iya bambanta tsakanin na Amurka da na Turai a wajen sensa da soket. Kalmar "zai yi, sai ɗan gyaran waya" ta jawo wa mutane da yawa yawo tsakanin bakanike da rewaya har wata guda. A motocin da makullinsu ke da ƙwaƙwalwa kuwa, birenbos shi kaɗai ba zai tashi motar ba sai an haɗa shi da makullinsa ko an daidaita shi da kwamfuta.

4. Yi lissafin kuɗi gaba ɗaya

Tun da aka saki naira a 2023, farashin kayan tokumbo yake bin dala, na wannan watan daban da na wancan. Don haka ka kira shago uku aƙalla a makon da za ka tafi, ka ji bakin kowa. Amma kuɗin inji ba shi ne kuɗin aikin ba. Ka lissafa da kuɗin motarka da na bakanike zuwa da dawowa da abincinsa, kuɗin dako da lodin injin zuwa garinku, kuɗin saukewa da ɗaurawa, baƙin mai galan biyu (kusan lita 4 kowanne ga mai silinda huɗu, ɗaya na tashi ɗaya na canjin farko), filta biyu, bel da famfon ruwa da sil, wankin lagireto, ladan rewaya, da kwanakin da mota za ta yi ba ta kawo ko sisi ba.

Ni dai ba na fita sai na ware kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin injin a gefe domin waɗannan. Wanda ya ƙarar da kuɗinsa kaf a kan inji shi ne yake mayar da tsohon bel da tsohon mai, ya ce sai an yi lodi biyu a canja.

Idan shago biyu sun faɗi kuɗi kusa da juna, na uku ya faɗo ƙasa warwas, kada ka yi murna. Araha ba ta ado.

5. Da wa za ka je, kuma ina

Mutanenmu na Gumel, Haɗeja, Ringim, Kazaure, Bichi ko Rano galibi Kano suke nufa, kasuwar Ƙofar Ruwa ko shagunan Sabon Gari. Manyan dilolin kuma daga Ladipo ta Legas suke ɗauko kaya da yawa. Akwai masu amana a ko'ina, akwai waɗanda ba su ba.

Ka je da bakaniken da zai ɗaura injin da hannunsa, ba wani ba. Idan wani ya zaɓa wani ya ɗaura, ranar da matsala ta fito kowa zai nuna ɗan'uwansa. Ka biya shi ladan rakiya a fili tun daga gida, ka gaya masa kai za ka yi ciniki. Dalili kuwa sananne ne: wasu shaguna suna ba bakanike la'ada a bayan idonka, a kuɗinka ake ɗora ta, kuma wanda ya karɓi la'ada bakinsa ya yi nauyi wajen kushe kaya. Haka 'yan kamasho da za su tare ka a bakin kasuwa da "Alhaji me ake nema?" Ka gaisa da su cikin mutunci, ka wuce wurin mai shago na ainihi wanda za ka iya dawowa ka tarar gobe.

Gargaɗi: kada ka tura kuɗi saboda hoto ko bidiyon WhatsApp a ɗoro maka inji a motar kasuwa. Cinikin biri a sama ke nan. Ka fita da sassafe ka duba kaya da hasken rana, kuma kada ka bari saurin kama motar komawa gida ya sa ka biya.

Kayan da za ku riƙe: tocila, farin tsumma, sifanar fulogi, soket da dogon hannu na juya fuli, ƙananan sifanu, mayen ƙarfe, rula ta ƙarfe da fila geji (siraran ƙarafan auna tazara), fenti ko maka, da ma'aunin kwamfireshan (ƙarfin matse iska a silinda) idan bakaniken yana da shi.

6. Duba injin a ƙasa

Nan ne aikin yake, kada ka ji kunyar ɓata lokaci. Mai kayan da ya hana ka kwance fulogi ko leƙa ciki ya riga ya ba ka amsa.

Fara da tantance ko tokumbo ne ko ɗan gida ne aka yi wa wanka. Injin da aka ciro a waje yawanci za ka ga an datse wayoyinsa da tiyo-tiyonsa da almakashi, yanka ɗaya, da tsohuwar dauɗa a kwance ko'ina daidai. Ɗan gida kuwa za ka ga wayoyi an ɗaure da salatif ko leda, kawunan notuna sun sha sifana sun lanƙwashe, gam ya tsattsafo a gefen kwanon mai ko murfin sama, wani lokaci har an fesa fenti. Injin da ke ƙyalli kamar sabon kwano ya fi ba ni tsoro a kan mai dauɗa, don wanki yana ɓoye inda mai ke yoyo.

Sa a kwance gidan tamostat, noti biyu ne ko uku. Idan babu tamostat a ciki, to kusan tabbas injin ya yi aiki a ƙasar nan, domin bakanikenmu ne ke cire shi. Leƙa hanyar ruwan. Wanda ya sha ruwan sanyaya inji na gaskiya za ka ga cikinsa fes, da ɗan kore ko ja-ja. Wanda ya sha ruwan rijiya kuwa tsatsa ce ja-wur da ɓawo.

Buɗe murfin zuba mai ka haska tocila. Launin zuma ko ruwan ƙasa mai haske, alama ce mai kyau. Baƙin abu mai kauri kamar kwalta yana nufin mai shi ba ya canja mai. Idan ka ga abu kamar shayi da madara, ruwa ya haɗu da mai, ka bar shi.

Sa soket a fulin kuranshaf a juya, fulogi na ciki. A zagaye biyu cikakku, mai silinda huɗu zai yi maka tauri sau huɗu, kuma taurin ya zama iri ɗaya. Idan wani wuri ya wuce salalaf, wannan silindar ba ta riƙe iska. Idan ya cije ya ƙi wucewa, ko ka ji ƙarar ƙarfe na bugun ƙarfe, an gama magana. Sannan ka kama fulin ka tura ciki ka jawo waje. Bai kamata ka ji yana kai da komowa ba.

Yanzu a kwance fulogi a jera su yadda suka fito. Busasshe mai launin toka ko ƙasa-ƙasa lafiya ne. Mai jiƙe da baƙin mai yana nuna injin na shan mai. Guda ɗaya da ya fi sauran tsabta kamar an wanke shi yana nuna ruwa na shiga wannan silindar. Idan ka tarar da sababbin fulogi a tsohon inji, ka tambayi kanka wa ya sa su kuma don me. Leƙa ramukan da hayaƙi ke fita, ka shafa da yatsa: busasshen baƙi ba komai, mai maiƙo kuwa shan mai ne.

Abu na ƙarshe, wanda masu kaya ba su cika so ba: a kwance kwanon mai na ƙasa. Ka ce, "Maigida, ni zan sayi gam ɗin, in ya yi kyau kuma na ɗauka." Shafa ƙasan kwanon da farin tsumma ka fita rana. Ƙyalƙyali kamar garin zinare ko tagulla metal ne ya cinye. Ka zagaya da mayen ƙarfe, in ya kwaso ɓarɓashi, wani abu na cin wani a ciki. Bakanike ya girgiza kowane kwanrod, kada a ji yana ƙwas-ƙwas sama da ƙasa.

Gargaɗi: ana shigo da injinan motocin da ambaliya ta cinye. Alamarsu busasshen taɓo ko yashi a cikin manifol, kore-kore a haƙoran soket, da tsatsa a cikin silinda. Haka kuma kowane inji da halinsa. 2AZ-FE na farko-farko an san shi da zarewar zaren notunan tof a jikin bulok, don haka ka duba bayan injin ko akwai sawun ruwa. 1ZZ-FE na farko, irin na Corolla, kuma an san shi da shan mai.

Idan injin na haɗe da giyarsa da kik, a kawo batir a auna kwamfireshan. Lafiyayyen injin fetur yakan ba da wajen 150 zuwa sama a ma'aunin psi, amma abin da ya fi muhimmanci shi ne kada wata silinda ta gaza 'yan'uwanta da fiye da kashi 10 cikin 100. In ba a samu yi a kasuwa ba, a yi ranar da aka ɗaura.

7. Idan ɓangare kawai za ka saya

Tof silinda: goge fuskarsa, ɗora rula a tsaye da a karkace, ka gwada zura fila geji a ƙasa. Yawancin waɗannan injina ba sa yarda da lanƙwasar da ta wuce 0.05 zuwa 0.1 na milimita. Duba tsaga tsakanin bawul da bawul da gefen ramin fulogi. Kifa shi, fulogi a ɗaure, ka zuba kananzir a ramukan da bawul suke ka jira minti biyar. In ya zurare, bawul ba sa rufewa. Fuskar da ke sheƙi da sabon sawun inji an taɓa share ta, ka tambaya sau nawa.

Kuranshaf: ja farcenka a inda metal ke zama, in ya maƙale akwai rami. Shuɗi-shuɗi alamar ya ƙone ne. Tabbatar ko sitanda ne, wato ba a taɓa yanka shi ba, ko an yanka shi 0.25 ko 0.50 na milimita, domin da wannan za ka sayi metal.

Kik a gwada shi da batir nan take. Birenbos kuwa lambarsa ta zo daidai da taka harafi da harafi, kuma a buɗe a shinshina, ƙauri ko sawun ruwa ya isa ka ajiye.

8. Ciniki, rasit da sharaɗi

A nan na faɗi. Na sayi injina na farko wurin wani mai kaya a birni, ba sai na faɗi wuri ba. Ya ce, "Alhaji, kwana uku na ba ka, in bai yi ba ka dawo da shi." Na ji daɗi. Kwana ɗaya ya tafi a hanya, bakanikena ya tafi biki kwana biyu, sai rana ta biyar aka tayar da inji, yana tashi ya turnuƙe garejin da shuɗin hayaƙi. Da na kira, sai ya ce, "Ai ranka ya daɗe lokaci ya wuce." Kuma gaskiyarsa, haka muka yi da shi.

Saboda haka kwanakin gwajin da ake ba ɗan birni ba su isar wa mutumin ƙauye. Ka nemi mako biyu, ko a rubuta cewa lissafi zai fara daga ranar da aka tayar da inji. A rasit mai sunan shago da lambarsa a rubuta irin injin, lambar da ke jikin bulok, kuɗin da ka biya, kwanakin gwaji, da abin da zai faru idan bai yi ba: canji ne ko mayar da kuɗi, kuma wa zai biya dakon dawowa. A ambaci hayaƙi, ƙara, zafi da haɗa ruwa da mai da sunansu. Ka tambaya ko canja bel da sil zai ɓata sharaɗin, don da yawa suna cewa in an buɗe inji babu dawowa. Biya ta banki ya fi, saboda shaida. In da hali ka riƙe wani abu sai an gwada.

Kafin ka juya baya, sa fenti ka yi alamarka a bulok da tof da kwanon mai, ka ɗauki hoto, kuma ka tsaya a ɗora shi a gabanka. Ana nuna wani a ɗaure wani.

Gargaɗi: injin da aka goge lambarsa ko aka sake bugawa, ko wanda wani ya kawo maka har gida da daddare a rabin kuɗi babu takarda, kada ka taɓa. Karɓar kayan sata laifi ne a doka, kuma a hannunka za a gan shi.

9. Ɗaukowa da ɗaurawa

A zaunar da injin a kan tsohuwar taya, a ɗaure da igiya, a toshe duk ramuka da tsumma, a rufe da leda. Kada a kwantar da shi a kan sensa ko fuli. Ka tabbatar bakanike zai fara aiki washegari.

Tun injin yana ƙasa a sa sabon bel ɗin taimin da abin ɗame shi da famfon ruwa da sil na gaba da na baya. Masu sarƙa irin 1ZZ da 2AZ a duba sarƙar da takalmanta. A duba kulocin ma tunda ga shi a fili. A kai lagireto a wanke ko a canja. Idan tof aka ɗora, a ɗaure da sifana mai awo bisa tsari, ba da ƙarfin damtse ba, kuma a Golf a sa sababbin notunan tof domin nata miƙewa suke yi.

Kafin tashin farko, a zuba mai, a cire fulogi, a cire wayar kwayil, a yi ta kik har fitilar mai ta mutu. Injin da ya yi watanni a kwantena ya bushe, tayar da shi haka nan yana cin metal a minti ɗaya.

Gargaɗi: kada ka yarda a cire tamostat ko a haɗa fanka kai tsaye da sunan ƙasarmu da zafi. Ka sa ruwan sanyaya inji, ba na rijiya ba.

10. Kwanakin gwaji

Ka bar shi ya yi aiki a tsaye har fanka ta kama ta saki sau biyu, idonka a kan allurar zafi. Washegari da sassafe ka tayar da kanka, ka saurari ƙara, ka tsaya a bayan salansa. Ɗan tururi na sanyin safiya ba komai. Shuɗin hayaƙi mai ne, farin da ba ya yankewa ruwa ne. Inji na sanyi ka buɗe murfin lagireto ko na tankin ruwa ka tayar, in kumfa na ta tasowa, gaskit ko tof ya samu matsala. Ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota da daddare ka ga abin da zai ɗiga.

Kada ka ajiye motar kana lallaɓa ta har kwanakin su ƙare. Ka hau titi ka yi tafiya mai nisa, ka ɗauki kaya daidai misali, amma ba lodin ranar kasuwar Wudil ko Dambatta ba tukuna. Kullum da safe ka ja sandar mai ka duba ruwa. Abin da ka gani ka ɗauki bidiyo, ka kira mai kaya a ranar, kuma kada bakanike ya buɗe injin kafin mai kayan ya ce a buɗe. Bayan kilomita 500 zuwa 1,000 ka zubar da man farko ka canja filta.

Idan komai ya tafi daidai, ka ɗauki rasit ka je ofishin lasisin mota a gyara lambar inji a takardunka, kwafi ɗaya kuma ya zauna a mota saboda masu duba takardu a hanya. Tsohon injin kada ka yi saurin ba 'yan gwangwan. Ka bari gwaji ya ƙare, sannan ka kwance sensa-sensa, kwayil, nozul, manifol da alteneta ka adana a buhu, ragowar ƙarfen a ɗora a sikeli.